Dusar Ƙanƙara a Watan Mayu

A watan Mayu suka aiko da aikin,
Manila na tafasa kamar tukunyar da aka manta a murhu.
Fankar ofis tana juya kai hagu da dama
kamar mai cewa a'a, ba da ni ba.
Takarda ta ce: kashi na sha ɗaya, na Kirsimeti,
a zuba dusar ƙanƙara, kada a yi rowa.

Ni Perpetua Dimaculangan, mai zanen katun,
ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin kofin lemo.
Na zauna, zufa tana bin gadon bayana,
ina yi wa wata duniya sanyi.

Ga labarin da suka rubuta a can Kalifoniya:
kumbo ya lalace, ya faɗa wata duniya
mai zagaye ranarta cikin minti tara.
Duk minti tara, Kirsimeti.
Kyaftin Wozzel ya yi kyautar agogonsa,
ya yi kyautar takalmi, ya yi kyautar hula,
a biki na arba'in ya ɓalle ƙofar kumbon
ya naɗe ta da takarda mai ƙyalli.
Mutum-mutumin kicin yana gasa talotalo ɗaya
da bai taɓa samun lokacin nuna ba.
Akwai wata mai hannu takwas tana saƙa rigar sanyi,
kullum a hannu na bakwai ƙararrawa ke katse ta.

Na yi dariya a makon farko.
A mako na shida na daina ji,
sai ƙirga: baki a buɗe, baki a rufe, ƙifta ido.

Wani dare, bayan kowa ya tafi neman jifni,
na rataya abu a tagar kumbon:
fitilar tauraro mai kusurwa biyar, gora da takarda,
da jela biyu,
irin wadda babana ke ɗaurawa tun kafin a haife ni.
Daga Kalifoniya aka turo tambaya: mene ne wannan?
Na ce tauraro ne.
Suka bar shi. Daƙiƙa biyu da rabi.

Disamba, San Fernando.
Baba Tiburcio ya zauna gaban talabijin,
yatsunsa duk busasshen gam.
Turancinsu ya yi masa sauri,
amma talotalon ya gane,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Waya tana jingine da kwalbar waken soya,
cikinta ƙanwata Luningning, nas a Winnipeg,
Kirsimeti shida ba ta zo gida ba.
Ta juya wayar ta nuna mana taga.
Ta ce, Ate, ba haka take sauka ba,
taki tana yanga,
tamu mari take yi.

Na fassara wa Baba zancen minti taran.
Ya yi shiru. Kyaftin yana naɗe ƙofa.
Ya ce, ba mugun wuri ba ne.
Na ce, Baba, talaucewa suka yi.
Ya ce, in dai duk minti tara ne,
ai ko ɗaya ta samu ta zo.

Wayar ta daskare a kan fuskarta,
ko kuma ita ce ba ta motsa ba, ban sani ba.

Sai ga tagar kumbon.
Ya miƙe tsaye, cokali ya faɗi.
Ya ce, jelar hagu ta fi guntu.
Na ce, haka kake yinta.
Ya ce, ƙarya ne.
Ya leƙa waje, ya duba wadda ke rataye a baranda,
ya dawo ya zauna bai ce komai ba.

Sunaye suka zo da gudu a ƙarshe,
ƙanana kamar tsakin shinkafa.
Sau uku yana tsayar da hoton,
sau uku nawa yana wuce shi.
A na huɗu ya ɗora yatsa a kan gilashin,
ya bar tabon gam daidai kan D.
Har yau ba a goge ba.