Gadon da Alƙali Bai Raba Ba

Bas ɗaya suke tuƙawa a gabashin Landan,
Abbana Tofazzal da asuba, Kwong da dare.
Kujera ɗaya, sitiyari ɗaya mai sanyi,
numfashin fasinja ɗaya suke shaƙa,
kuma a mako ɗaya tari ya kama su.

Kwong ya sha ruwan citta kwana huɗu,
ya miƙe yana mitar miya ba ɗanɗano.
Abba aka kifa shi rub da ciki,
inji na hura masa iska kamar zugazugin maƙera,
ni ina kallo ta fuskar waya
da wata nas ta riƙe da hannu mai safa biyu.
Kwana goma sha tara.
Ranar ta ashirin aka ba ni agogonsa a leda.

Aikina karanta jini ne.
Haruffa huɗu kacal, an jera su kamar carbi
da ba wanda zai ja ya kai ƙarshe.
Sai da ganye ya zube ya sake tohowa
na iya zama na buɗe nawa.

Ga shi nan, a zare na uku:
ɗan tsaki ne, bai kai a kira shi layi ba.
Masana sun ce tsohon kaya ne,
daga wasu mutane masu kaurin gira
da suka kwana a kogo tun ba a san noma ba.
Wata kakarmu ta haɗu da ɗayansu a hanya,
ba sunanta, ba kabarinta,
amma ƙunshin da ta ɗauko
ya ƙetare duwatsu, ya gangara bakin kogin Surma,
ya yi ta haihuwa a tsakanin masu shinkafa da kifi,
har ya fi yawa a cikinmu, mutanen Bangaladash.
A dangin Kwong, da kyar ka samu mai shi.

Wataƙila garkuwa ce a da.
Wataƙila wata annoba da ba a rubuta ba
ta zo ta tarar da shi a ƙofa, ta juya.
Wa ya sani? Rigar da ta tare maka sanyi
ita ce ke jan ka ƙasa in ka faɗa ruwa.

Sai dai ba zan ɗora wa mutumin kogo duka ba.
Ba shi ya cusa mu bakwai a ɗaki biyu ba.
Ba shi ya hana direbobi takunkumi a watan farko ba,
ba shi ya zuba wa Abba sukari a jini,
ko ya koya masa cewa namiji ba ya kwanciya don mura.
Da yawa suna da tsakin, suna nan suna cin kasuwa.
Da yawa ba su da shi, an binne su.
Gado karkata ma'auni yake yi,
wasu hannuwan ne ke ƙara duwatsu.

Kwong yakan zo ran Lahadi da lemo a jaka.
Ya zauna inda Abba ke zama, ya tashi da sauri,
ya koma wata kujera.
Ya taɓa tambayata, "Shiuli, me ya sa ni na tsira?"
Na buɗe baki in ce zare na uku,
sai na ga idonsa,
na ce, "Sha shayinka, Kawu, zai huce."

Jiya ɗana ya yi tari cikin barci.
Na tsaya a kansa ina ƙirga numfashi,
ina tunanin matar nan da ba ta da suna.
Rabi da rabi ne ko na ba shi ƙunshinta.
Ban duba ba tukuna.
Na dai ja masa bargo,
na buɗe taga kaɗan.