Akwati na Arba'in da Bakwai

A ɗakin ajiya na Stabiya, bayan an kashe fanka,
ni da ɓaraguzan bangon wani
muke zaman kallon juna.
Guda dubu da ɗari uku da 'yan kai.
Sau biyu na ƙirga, kowane ƙirge da tasa amsar.

Wannan ja ne, ya fi cikin rumman.
Wancan baƙi, yana sheƙi
kamar daren jiya aka murza masa man zaitun.
Ga rawaya da zafin dutsen ya gasa
har ta rikiɗe ja ba da son ranta ba.
Malama Raffaela ta ce kada in yarda da launi,
launi ya iya ƙarya.
Juya ɓallin, in ji ta, karanta bayansa:
kaurin shafe, girman yashi, ta nan dangi ke gane juna.

Masu gidan ba su da tagar kirki,
sai suka sa aka zana musu.
Ginshiƙai sirara da ba za su ɗauki ko kurciya ba,
ƙofa rabi a buɗe da ba ta kai kowa ko'ina,
lambun da bai taɓa neman ban ruwa ba.
Ɗaki taku shida,
amma har teku suka shigo da ita,
suka kishingiɗa gabanta suna cin ɓaure.

Sunan maigidan ma an rasa, balle na mai zanen.
Abin da na sani game da shi kaɗan ne:
yana sauri,
don ɗanyen shafe ba ya jiran mai nawa.
Ga gaɓar da aikin yini ya tsaya,
ga inda na gobe ya ɗora.
Ga gashi ɗaya da ya tsinke daga buroshinsa
ya maƙale cikin koren ganye.
Ƙasa da haka, inda gado zai rufe,
ya dafa bango don ya miƙe,
babban yatsansa ya zauna.
Na cire safar hannu, duk da an hana.
Nawa ya fi nasa ƙanƙanta.

Babana Aniello fenti yake yi a Gragnano.
Shekarar da ƙasa ta girgiza
bangon kicin ɗinmu ya tsage daga rufi har murhu.
Babu kuɗin magini.
Ya cusa siminti, ya bi tsagar da ruwan ƙasa,
ta zama gindin bishiya,
ya rataya mata lemo goma sha ɗaya,
ɗaya ya fito kamar dankali.
Mama ta yi dariya har ta zauna.
Shekara talatin muna cin taliya a inuwar nan.
Bara yayana Catello ya bi ta da farin fenti, hawa biyu,
wai baƙi masu haya sun fi son bango fes.
Ban yi masa faɗa ba.
Na dai san tana ciki.

Yau Talata, ƙarfe huɗu saura,
guda biyu suka haɗa baki cikin tiren yashi
da ɗan sautin da ba kunne ke jin sa ba, yatsa ne.
Ƙafar makwarwa.
Sai ƙirji, sai rabin fiffike,
sai 'ya'yan itace uku da take nufa.
Kan babu.
Na zazzage akwatin har ƙurar gindi, babu.

Na iya zana kan makwarwa,
'yar mai fenti ce ni.
Amma ba nawa ba ne.
Na cike gurbin da toka-toka, ƙasa kaɗan da fuskar bango,
don mai zuwa ya san nan an rasa.

A jirgin yamma dutsen yana taga,
shuɗi, shiru, kamar bai san zancen ba.
Akwai jan ƙura a ƙarƙashin farcena.
Gobe akwati na arba'in da takwas.