Rabi Kafin In Buɗe Jaka

A ɗakina na Aboabo akwai ɗan akwatin ƙarfe,
bai kai tafin hannu ba,
amma a cikinsa aure bakwai ne, suna huɗu,
jana'izar Asante guda mai ganguna da jan zane,
da tallan wani shagon takalma a Kejetiya.
Duk suna kwance kamar kayan jingina,
ba wanda ya zo fansa.

Mutawakilu ya ce ranar Juma'a.
Juma'a ta zo, ta yi salla, ta tafi abinta.
Na kira, waya na ta kuka a rijiya.
Washegari na ga ya ɗora sabon hoto,
yana murmushi, ya jingina da mota.
Ni na ɗauka. Hasken ma ni na gyara.

Hajiya Zaliya ba ta musu, ita.
"Haba Fuseni, ai kai ɗanmu ne,
tun kana yawo ba wando nake ba ka koko."
Gaskiya ta faɗa.
Sai dai mai ba ni hayar kyamara a Adum
ba ya karɓar kokon shekara ashirin,
sidi yake ƙirgawa, yana lasar yatsa.

Wofa Ofori ya ce in jira a raba gado.
Mamacin ya yi wata uku a firji kafin a rufe shi,
ni ga ni a wata na tara.

Ba su ga daren ba.
Ba su ga an ɗauke wuta ina tsakar aiki,
in koma farko, ido kamar an watsa barkono,
in yanke tarin liman, in danne kukan jariri,
in share gumi daga goshin ango.
Wai ai danna maɓalli ne kawai.
To bismilla, zo ka danna.

Na ci alwashi ranar Lahadi zan goge duka,
kowa ya nemi farin cikinsa a ka.

Asabar da dare sai ga ƙwanƙwasa.
Mutawakilu ne, ba mota, ba murmushi,
lakar Sawaba har idon sawu.
Kwana uku ke nan da binne tsohuwarsa.
Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula:
"Fuseni, ranar bikin nan, ta yi rawa ko?"

Ta yi.
Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu.
Mayafi ya zame, ta cafke shi da haƙori tana dariya,
ta nuno ni da yatsa:
"Kai yaro, kar ka ɗauki ƙafata, duk kaushi."
Na kuwa ɗauka.

Muka zauna a tabarma muka kalla sau uku.
A na ukun ya sa hannu ya taɓa gilashin.
Bai ta da zancen kuɗi ba.
Ni ma harshena ya yi nauyi.
Na tura masa minti huɗun a waya.
Sauran awa biyun, ango da amarya,
manyan baƙi, tukwanen shinkafa, masu liƙi,
suna nan a akwatin.
Tausayi daban, bashi daban.

Yanzu na sa farin fenti a jikin jakata:
RABI KAFIN IN BUƊE.
Yaran unguwa na karantawa suna min dariya,
wai Rabi wace ce, yaushe za a kawo ta.

Jiya Hajiya Zaliya ta aiko da kwanon wake da shinkafa,
har da ƙwai, har da wele,
da saƙo a bakin yarinya:
ranar Laraba sunan jikarta, in zo da wuri,
in taho da fitilar nan mai haske.

Na cinye abincin tas.
Kwanon na nan, ban mayar ba tukuna.