Notin da Ya Faɗa Buriganga

A Keraniganj, inda guduma kan riga zakara tashi,
nan babana Mofizul yake walda.
Rabin ransa ya ƙare a ƙarƙashin jirage,
fuska a bayan baƙin gilashi,
tartsatsi na zuba kamar ana watsa wa kaji tsaki.

Ina 'yar shekara tara na kai masa shinkafa da busasshen kifi.
Wani noti ya suɓuce daga hannunsa,
bai kai girman ƙwallon dabino ba.
Ɓulum! Buriganga ta haɗiye shi,
ko kumfa ba ta yi masa ba.

Sai na ɗaga kai.
Ga jirgi a kanmu, ƙarfe daga hanci har wutsiya,
zaune bisa ruwa kamar agwagwar da ta ƙoshi.
Na ce, "Baba, ruwan nan yana da son kai.
Ya cinye ƙarami, ya goya babba."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye loma,
ya yago yumɓu a bakin gaɓa,
ya mulmula shi, ya sake. Ya nutse.
Ya yago wani daidai da wancan,
ya buɗe shi da babban yatsa, ya yi masa ciki, ya ɗaga masa leɓe,
ya ɗora a hankali.
Yana rawa, yana rawa, amma ya zauna.

"Shiuli," ya ce, "ruwa ɗan kasuwa ne, ba ya ba da bashi.
In ka shigo sai ya matsa ya ba ka wuri,
ya auna ruwan da ka ture,
ya tallafe ka da ƙarfi daidai nauyin wannan,
ba ƙarin ɗigo, ba ragi.
Noti a dunƙule yake, ciki ƙarfe, baya ƙarfe,
ɗan ruwan da ya ture bai kai nauyinsa ba.
Jirgi kuwa, shiga ki gani:
fatarsa ce ƙarfe, cikinsa iska.
Kafin ruwa ya kai masa ƙugu
ya ture abin da ya biya kuɗinsa."

Ya nuna mini alama a haƙarƙarin jirgin,
farar da'ira, layi ya ratsa ta.
"In ya bar kogi ya fita teku
zai ɗan taso, kamar mai ɗaga dunduniya,
don ruwan gishiri ya fi namu nauyi, kofi da kofi.
Amma wanda ya loda har layin ya ɓuya
ya ci bashin da ba a yafewa."

A daminar nan kawu Tofazzal ya hau jirgin fito zuwa Barishal.
Jajibirin Sallah, mutane har kan rufi,
ga buhuna, ga awaki, ga keken ɗinki.
Layin ya ɓuya tun a tasha.
Igiyar ruwa ta farko leƙe ta yi,
ta biyu ta shigo ba sallama.
Iska ta fita, ruwa ya gaje wurinta.

Kwana uku babana bai kunna injin walda ba.
A na huɗu ya ɗauki gwangwanin fenti
yana bin jirage ɗaya bayan ɗaya, yana sabunta layi.
Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya biya shi.

Yau ni ke duba jirage kafin su tashi,
littafi a hamata, takalman roba cike da laka.
Masu kaya kan marairaice,
"Buhu goma ne kacal, 'yar'uwa, me zai yi?"
Ba na musu. Sai in sunkuya in dubi layin,
in dubi inda ruwa ya tsaya.

Notin nan yana can ƙasa har yanzu,
tsatsa na cin sa a hankali.
Ɗan'uwansa na cikin aljihuna.
In gardama ta yi tsawo, sai in ciro shi,
in miƙa wa mai kaya,
in ce ya sake shi a ruwa, mu gani.