Tsattsewa a Hannun Kakale

Teburin shayina yana bakin ruwa a Yawuri,
inda jirage ke sauke albasa da bandar kifi.
Bayan la'asar Kakale yake zuwa
da sandarsa, da tarinsa, da kuɗin da ba su taɓa cika ba.

Ran nan sukari ya yanke mini.
Na fasa mazarƙwaila na jefa a tukunya,
kanumfari bakwai, ɓawon kirfa, citta mai yatsu,
na bar su suna kokawa a kan garwashi.
Ya kurɓa, bai haɗiye ba.
Ya riƙe a baki kamar mai ɓoye goro.

"Yaro, wa ya ba ka wannan?
Saura wuta kawai ka mance."

Sai ya naɗe hannun riga.
Ga tsattsewa shuɗiya, fatar ta saki,
fiffike ɗaya ya faɗa cikin tamoji,
ga anga a ƙasa, igiyarta ta dushe
kamar rubutun allo bayan wanki.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina goge bene
a jirgin da ya fi kasuwar nan tsawo.
Giyar rake suke sha, baƙa, mai yaji.
Farko zaƙi ne, kamar ka ciji kara a gona.
Sai kanumfari ya taka harshe,
kirfa na biye da shi a hankali, ba ta gaisuwa,
can a maƙogwaro wani ya kunna ashana.
Na sha. Ba zan yi maka ƙarya da furfura ba.
Allah ya sani, na kuma gaya masa."

A Takoradi aka yi masa jarfar,
wani gurgu mai allura uku a ɗaure da zare.
Ebiye, abokin aikinsa, ya danne masa kafaɗa,
ya ɗura masa kofi guda don kada ya yi ihu,
ya yi ihun duk da haka.
Sun ce tsuntsuwar ta san hanyar gida,
in ruwa ya ci mutum, ita ke ɗaukar saƙo.
Sun ce a zana alade da zakara a ƙafa, maganin nutsewa.
"Na ce zakaran dai, ku riƙe ɗayan."
Ya cire takalmi ya nuna mini:
zakara ba kai, kaushi ya cinye shi.

Sarkawa na yi masa dariya.
Mutumin da ya ga teku ba gaɓa,
yau ko kwalekwale ba ya shiga.
In za shi ƙetare sai ya zaga ta mota.
Shi ko ba ya tanka musu.
Ni ya gaya wa, yana juya kofi:
Ebiye tsuntsu biyu ne a ƙirjinsa,
alade da zakara duk ya yi,
kuma dare ɗaya igiyar ruwa ta share shi daga bene
kamar yadda nake share ɓurɓushin burodi.

"Ban sake taɓa kwalba ba.
Malam ya ce zanen ma laifi ne.
Na goga da toka, na goga da lemun tsami,
ta ƙi tashi. To, ta zauna,
tare za a wanke mu."

Na ƙara masa rabin kofi, ban rubuta ba.
Ladan ya gyara murya a masallacin tasha.
Kakale ya kuskure baki sau uku,
ya sauke hannun riga a kan tsuntsuwar,
ya ce gobe in rage citta,
nasu bai kai haka yaji ba.