Ƙodar Raƙumi

Ran kasuwar Maigatari
Baffa Sabitu ya tsaga ƙodar raƙumi gida biyu,
ya miƙo mini a kan takardar siminti.
“Kai mai karatun asibiti,
dabbar da ke kwana bakwai ba ta leƙa rijiya ba,
ina take ɓoye ruwanta?”

Na ce, Baffa, dubi can ciki.
Akwai wata hanya, gashin jela ya fi ta kauri.
Ta gangara, ta yi kwana, ta hauro
kafaɗa da kafaɗa da kanta,
kamar igiya biyu a rijiya guda,
wannan na sauka, waccan na hawa.

Mai sauka sabon tulu ne,
ruwa na tsattsafo masa ta jiki.
Mai hawa jarka ce, ko ɗigo ba ta bari,
gishiri kawai take watsarwa,
kaɗan nan, kaɗan can,
mai sauka ya sake kawo mata wani,
har ƙasan ya yi zartsi kamar rijiyar kanwa.

Sai bututun ƙarshe ya ratso zartsin.
Gishiri ya kira ruwa, ruwa ya amsa,
ya koma jini.
Ragowar ta fita, 'yar kaɗan,
ja kamar shayin Buzaye.

Baffa ya goge wuƙa a cinya.
“Ashe shi ya sa da azumi, bayan la'asar…”
Bai ƙarasa ba, wata mata ta taya.
Ya yayyanka darasina,
ya ƙulle mata a leda.