Ƙofar da Muka Huda a Shinge

A bayan tashar jirgi, a birnin Porto,
inda a da ake jibge matattun katifu,
hukuma ta yanka mana gefen lambun shaƙatawa.
Mu goma sha bakwai, kowa kunya huɗu,
famfo ɗaya, baro ɗaya mai ɗingishi.

Amílcar ya shekara talatin yana jan tarago,
hannunsa bai san ƙasa ba sai da furfura ta zo.
Yana ƙirga kabejinsa kamar fasinjoji.
Wata safiya ya tarar da ganyen duk huji,
dodon-koɗi ya kwana yana shagali.
Ya dawo da gwangwanin guba a aljihun kwat.
Graciete ta tare hanya, bokiti a hannu:
"Zuba mana, ka sha miyarka kai kaɗai."
Kwana tara ko gaisuwa.

Ni aikin dare nake yi a asibiti.
In na tashi nakan biyo in yi ban-ruwa
kafin motocin kan gada su fara tari.
Ran nan, ƙarƙashin tulin busassun rassa
da muka daɗe muna alkawarin ƙonewa,
wani abu ya yi atishawa.

Bushiya.
'Ya'ya uku na biye da ita,
ƙayarsu ko tauri ba ta gama yi ba.
Ta tsaya a gindin kabejin Amílcar,
na ji ɓawo na fashewa, ƙurus, ƙurus.

Da na faɗa masa, ya ce gyangyaɗi na yi.
Amma daren ya zo da kujera da bargo.
Da hantsi muka same shi durƙushe da zarto
yana huda shinge, faɗin tafin hannu,
don ta riƙa ƙetarawa zuwa cikin itatuwa.
Graciete ba ta ce uffan ba,
ta dai ajiye kaskon ruwa kusa da gwiwarsa.

Yanzu ba ma nome kusurwar gabas.
Ciyawa ta kai ƙugu, ƙudan zuma sun tare,
kwaɗi sun gaje tsohon bahon wanka,
jemagu na shawagi kan fitilar titi.

Har yau ganyen kabejin da huji.
In baƙo ya nuna, Amílcar ya ɗaga kafaɗa:
"Kiwo nake yi wa mai gadin dare."
Ran Lahadi tukunya ɗaya muke ɗorawa,
Graciete ke rabo,
shi take fara zuba wa.